Abdulgani da Madubi Mai Faɗar Zafi

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Tanut ya ga Abdulgani, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai rumfar kwano kusa da masu shayi, wanda ba ya rabuwa da farar riga mai dogon hannu ko a tsakiyar bazara, biro soke a aljihu, yana kallon masu wucewa kamar sun taka masa tabarmar salla. A shekarun da ake magana a kansu, aikinsa sa wa salula caji ne da tura wa Buzaye da Fulani waƙoƙi a katin waya ranar kasuwa. Amma in ka kira shi mai caji ba zai waiwayo ba, sai ka ce Injiniya.

Haifaffen Gangara ne, ɗan manomin gero. A gidansu shi kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko, ya kuwa yi nisa har kwalejin Tanut, inda ya faɗi jarrabawar fita. Bai taɓa yarda faɗuwa ya yi ba. Cewa yake masu duba takardun ne ba su kai su gane amsoshinsa ba. Da ubansa ya miƙa masa hauya, ya dube ta, ya dubi tsohon, ya ce shi ya wuce nan. Ya bi motocin arewa zuwa Agadas, daga can ya faɗa Tamanraset ta ƙasar Aljeriya. Bayan ƴan shekaru aka dawo da shi a bayan babbar mota tare da sauran waɗanda aka koro, da ƴar jaka, da farar riga, da raini wanda ya fi wanda ya tafi da shi kauri. Tun daga nan babu abin da ya sake burge shi a yankinsu na Damargu. Fura ƙauyanci ce, rawani ƙauyanci ne, doguwar gaisuwa ɓata lokaci ce. In ana hira aka ce wane ya yi abin kirki, sai ya taɓe baki ya ce a wajen makafi dai.

Matarsa Rukaiya ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Babu wanda ya tilasta mata. Ita ce ta ji shi yana juya Faransanci a bakin tasha, ta dawo tana ganin samarin unguwarsu kamar tumaki. Mahaifinta ya ce shi bai ga sana'a a hannun yaron nan ba, ta ce Baba ai ilimi ne sana'arsa. Tsohon ya haƙura. Ya sayar da bijiminsa ya yi mata kayan ɗaki, ciki har da armuwar ta zuba tufafi mai ƙofa uku, ƙofar tsakiya madubi ce daga sama har ƙasa.

Madubin nan shi ya riƙe gidan. Rukaiya kitso take yi da lalle da kwalliyar amare, kuma tana da hannu. A unguwar kaf babu inda mace za ta ga kanta tun daga ɗaurin ɗankwali har zanen lallen ƙafa sai ɗakinta, don haka ko wadda aka yi wa kitso a wani gida takan ƙirƙiro dalilin leƙowa. Abin da ake ɗorawa a murhu, mafi yawansa daga gaban madubin ya fito. Abin da rumfar caji ke kawowa kuwa, a bincike yake ƙarewa. Haka Abdulgani ke kiran abin da yake yi.

Ta ga bincike iri-iri. Ta ga akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da ya haɗa da fitilar babur, wanda ya dafa ƙwan zabin maƙwabciyarsu Asibi har da ƙauri. Ya ce ƙwan ne na zabin ƙauye, ba su dace da kimiyya ba. Da fari takan tausaya masa, ta ce Allah ya sa na gaba ya yi. Daga baya ta daina cewa komai. A bakin wata da ta zo kitso, wadda mijinta ya zauna ɗaki ɗaya da shi a Tamanraset, ta ji cewa aikin da yake kira kula da na'urori sharar gashi ne da wankin tawul a shagon wani Balarabe mai aski. Ba sharar ce ta dame ta ba, ita ma ai kan mutane take taɓawa daga safe zuwa yamma. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne yadda yake toshe hanci in ya ratsa ta ƙofar ɗakinta ya ji man kitso.

A shagon Balaraben ne ya ga madubin da ya hana shi sakat. Madubi ne kamar kowane, sai dai can gefen sama farin rubutu na haskowa daga cikin gilas: ƙarfe nawa, wace rana, zafin gari ya kai nawa. Ba a ganin agogo, ba a ganin waya, rubutun kawai ke tsaye kusa da fuskar mutum. Ya ce shi ke kula da shi. Ta gane shi ke goge shi.

Wata shekara da kaka wani direba ya bar masa tsohuwar tabilet, irin salular nan mai faɗin faranti, bayanta a fashe amma fuskarta na haske. Ya zauna da ita a rumfa yana kallon bidiyon masu haɗa irin madubin a gida, ya dawo ya sanar da Rukaiya cewa asiri ya tonu.

"Abu ne mai sauƙi ga wanda ya yi karatu," in ji shi. "Tabilet a baya, fuskarta baƙa ƙirin, rubutun fari. Gilas a gaba. Gilas ɗin ne dai magana. Ana son wanda zai mayar maka da fuskarka, kuma ya bar hasken da ke bayansa ya ratso. Rabi madubi, rabi taga."

"To ina ake samun irinsa, Malam?"

"A ƙasashen da ake da mutane, a kanti. A nan kuwa sai mai basira ya ƙirƙira."

Ta ci gaba da kwaɓa lallenta.

Gero ya shiga rumbu, bukukuwa sun kankama, amare na jiran layi. Cikin wannan hidimar ta je Gangara sunan ƙanwarsa, shi ya ce aiki ya riƙe shi. Ta dawo da hantsi ta tarar da armuwar ɗinta baki buɗe, tufafinta a fili. Ƙofar tsakiya tana kife a kan tabarma a tsakar gida, Abdulgani durƙushe a kanta da reza a hannu yana kankarar bayan madubin.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kusurwa ɗaya ce kawai. Fentin baya zan cire, in bar azurfar, haske ya ratsa. Ba za ki ma lura ba."

"Kayan ɗakina ne."

"Na sani. In ya yi, mata za su zo har daga Damagaram su gani. Ke ce da riba."

Reza ba ta san fenti ba, ba ta san azurfa ba, duka ta kwashe. Da ya ɗaga ƙofar ya jingina ta da bango, sai ga wani rami mai faɗin tafin hannu a saman madubin, fari fat, duk zane-zane, ana hango katangar da ke bayansa. Ya ce gefen ne bai daidaita ba, ya sake kifar da ita. Ya ɗora gwiwa don ya ji daɗin kankara. Rukaiya ta ji ɗan ƙara, ƙas, kamar an karya tsinke. Tsagar ta taso daga ramin ta gangara har ƙasa, ta yi rassa.

Ya daɗe yana kallon abin. Ita kuma tana tsaye da mayafinta a ka, tana jiran kalma ɗaya. Da ya ce ki yi haƙuri, da ta haƙura, don ta saba.

"Madubin ƙarya ne," in ji shi, yana karkaɗe gwiwar wandonsa. "An cuci Baba. Mutumin ƙauye in ya shiga kanti, abin da aka miƙa masa shi yake ɗauka."

Ba ta yi hayaniya ba, ba ta yi yaji ba. Ta tsince gilas ɗin don kada wani ya taka, ta ware ɓallin da ya fi girma ta jingina a ɗaki. Amma daga ranar ta daina ce masa Malam. Ta koma ce masa Injiniya, yadda ya daɗe yana so, ya kuwa ji daɗi, don bai taɓa sauraren muryar mutum ba, kalmar kawai yake ji. Da ɓallin nan da ƙaramin madubin hannu ta ƙarasa bukukuwan shekarar. Wasu amaren suka koma wajen wata a unguwar gaba. Ba ta ga laifinsu ba.

Shi kuwa ya wuce zuwa mataki na biyu. Ya samo farin gilas na taga, ya aika Damagaram aka sayo masa ledar nan mai sheƙi da ake liƙa wa gilashin mota don rana. Liƙin farko ya fito duk kumbure-kumbure. Kowace ƙwayar yashi da ta faɗa tsakanin leda da gilas ta tayar da ƙurji, mutum ya duba ya ga kansa kamar mai ƙyanda. A Tanut kuwa ba a rasa yashi ko a cikin miya. Ya ɓare ya sake, ya ɓare ya sake. Ya koyi yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin ya fara, ya koyi jiƙa gilas da ruwan sabulu, ya koyi bin ledar da tsohon kati daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, yana riƙe numfashi. Rukaiya takan hango shi ta ƙofa. Ba ta so ta lura ba, amma ta lura: mutumin da bai taɓa haƙurin ƙarasa komai ba, ga shi ya shafe makonni a kan abu ɗaya, har ledar ta kwanta lumui babu ƙurji ko ɗaya. Sai dai da ya ɗaga, fuskar da ta fito dishi-dishi ce, kamar wadda ake gani a ruwan kwano. Ya ce ledar ce ta talakawa, ya jefa gilas ɗin bayan rumfa.

Na uku wata roba ce mai sheƙi, faffaɗa, da wani ɗan kasuwa ya taho masa da ita daga Kano. Ya yi ta yabonta: ba ta fashewa, ba ta da nauyi, ita Turawa ke amfani da ita. Kafinta ya yi mata firam. Kwana kaɗan a ƙarƙashin kwano, zafi ya lanƙwasa ta. Asibi ta shigo karɓar rariya, ta leƙa, ta ga goshinta ya tafi sama, haɓarta ta zubo har ƙirji kamar ta raƙumi.

"Rukaiya, wannan na korar aljanu ne?"

"Bincike ne, Yaya Asibi."

"To Allah ya sa dai ba a dafa ƙwai da shi."

Abdulgani ya zo ya goge robar da gefen rigarsa, ta yi zane daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce jahilci ne ya yi wa garin nan katutu, har iska ma ba ta son ci gaba.

Abin da ya nema a Kano da bidiyon Turawa, ashe yana kan hanyarsa ta zuwa tasha. Sababbin gidajen da masu hali ke ginawa, tagoginsu na alminiyam ne da gilas mai ruwan zuma, wanda da rana na waje ke ganin kansa, na ciki kuma na ganin waje. Wata rana ya tsaya gyara wuyan riga a gaban irin tagar, sai ya hango fitila a kunne a cikin ɗakin, tana tsaye daidai kafaɗarsa. Washegari ya hau motar Damagaram. Ya dawo da ragowar gilas daga wajen masu haɗa taga, da ɗan ƙarfen yankan gilas. Ya fasa da yawa kafin hannunsa ya faɗa, amma ya faɗa. Ya sa aka yi masa akwati marar zurfi, ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya toshe duk wata kafa da haske zai shiga, ya manna tabilet a bayan gilas ɗin.

Da azahar ya kira ta. Ya jawo ƙofar ɗaki ya bar ta rabi a buɗe, ya ce ta tsaya a nan. Ta tsaya. Ga fuskarta sak, babu lanƙwasa, babu ƙurji, sai dai ta ƙara duhu kamar ta wuni a gona. Sama da ɗankwalinta farin rubutu na haskowa, ga lokaci, ga kwanan wata, ga zafin gari, har da lokacin da la'asar za ta yi. Ta kai hannu ta taɓa, gilas ne kawai. Wani abu ya motsa a ranta wanda ta ɗauka ya daɗe da mutuwa. Ya yi. Mutumin nan ya ce zai yi abu, ya kuma yi. Har ta fara auna inda za ta rataye shi, kusa da taga, inda amarya za ta zauna ta ga kanta ta ga lokaci, a daina yi mata ƙorafin an makara.

"Ya yi kyau," ta ce. "A ɗakina za a sa?"

Ya yi ƴar dariya ta hanci.

"Wannan ba na gaban masu kitso ba ne, Rukaiya. Manyan mutane zan kai wa."

Ta sake duban fuskarta a ciki, ta gyara ɗankwali, ta fita ta duba tukunya.

Babban mutumin da yake nufi shi ne Alhaji Ɗanmalam na Belbeji, mai fataucin dabbobi, wanda garkensa ke tafiya har Najeriya. Abdulgani ya ƙudurta cewa da zarar Alhaji ya ga madubin zai buɗe masa kamfani. Sai dai ba shi da hanyar shiga gidan. Rukaiya ce ke da ita, don an aiko ta je ta yi wa ƴar Alhaji kwalliya, Zuhaira, ungozoma ce a asibiti, za ta auri wani malamin lakwal. Man kitson da ke sa shi toshe hanci, ranar bai ji warinsa ba. Ya naɗe madubin a bargonta, ya shige gaban motar wani Buzu mai suna Rissa, ya bar ta a baya tsakanin buhuna da kwandon kayan aikinta a cinya.

Sun isa rana ta take. Alhaji na zaune a kan kujera a ƙofar gida, dillalai da ƴan biki kewaye da shi. Rukaiya ta durƙusa daga gefe ta gaida shi, kafin ta miƙe Abdulgani ya riga ya kwance bargo, ya tsaya a bakin zaure ya tare hanya. Dole ta rakuɓe jikin bango ta ga komai.

Ya fara da Faransanci, a gaban mutanen da ba mai jin ko kalma. Da ya ga an yi shiru ana kallonsa ya dawo Hausa, ya ce wannan madubi ne mai basira, irin na ƙasashen da suka ci gaba, shi ya ƙera shi da hannunsa. Ya ɗaga shi a gaban Alhaji. Alhaji ya ga fuskarsa da hularsa, bai ga komai ba bayan su, don hasken rana ya cinye rubutun.

"Madubi ne," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, sai an shiga inuwa."

Aka tashi Alhaji daga kujerarsa, aka shiga zaure, jama'a suka biyo. Can rubutun ya fito. Alhaji ya matso da fuska, ya ƙanƙance ido.

"Me ya ce?"

"Ya ce zafin gari arba'in da uku ne, ranka ya daɗe."

"Wato yana gaya mini ana zafi."

"E, amma da ma'auni."

Alhaji ya waiwaya wajen wani dillali da gumi ya jiƙa wa riga. "Idrisa, ka ji. Ashe zafi ake yi."

Zauren ya ɗauki dariya. Abdulgani ya yi sauri ya nuna lokacin salla, wani ya ce ai ladan na tsallaken titi, kuma shi ba ya cin caji. Ana cikin haka rubutun ya ɗauke. Tabilet ɗin ta sha rana a mota, ga ta a rufe cikin baƙin akwati, ta yi zafi ta kashe kanta. Abdulgani ya bubbuga gefen akwatin, ya girgiza shi.

"Ka bar shi ya huta," in ji Alhaji. "Shi ma zafin ya dame shi."

Rukaiya ba ta yi dariya ba. Ta san Alhajin nan ko an kawo masa abin da ya fi wannan sau goma, haƙoran rago kawai ya iya dubawa. Ta jira ta ga mijinta ya naɗe kayansa ya fita da ɗagawar kan nan da yake yi wa masu shayi da Fulanin kasuwa. Da ya yi haka, da ta ce ko banza rainin nasa na gaskiya ne, kowa yake yi wa. Sai ta ga ya durƙusa. Ta ga yana dariya tare da su, har ya fi su, yana cewa wallahi Alhaji akwai ban dariya. Sannan ya tura madubin gaban ƙafafun Alhaji da hannu biyu, ya ce gudummawarsa ce ta biki.

"Madalla," in ji Alhaji, idonsa na kan wani da ya shigo da rago. "A kai wa mata."

A cikin gida amarya ta leƙa sau ɗaya, ta ce wannan ai baƙanta mutum yake, ta koma kan nata. Aka jingina shi bayan ƙofa tare da tukwane. Uwar amarya, Hajiya Yagana, ta tambayi Rukaiya ko mutumin da ya kawo shi mijinta ne.

"Shi ne, Hajiya."

"Me yake yi?"

"Ki miƙo mini hannunki in fara da ke, kafin lallen ya bushe."

A hanyar dawowa bakinsa bai huta ba. Ƙauyawa ne, arziki ne kawai ya faɗo musu, amma Alhaji ya gane, a gaban mutane ne ba zai nuna ba. Da ya gaji da su ya juya kan motar da ke ɗauke da shi. Ledar gilashin Rissa duk ta kumbura tana ɓarewa, ya ƙwanƙwasa ta da biro ya ce aikin jahilai ne, shi ido rufe zai yi wanda ya fi wannan. Rissa ba mai yawan magana ba ne. Ya gyara rawaninsa ya ce to, jibi zai kawo motar.

Ya kuwa kawo, da sabuwar leda, ya ajiye a gaban rumfa a kan idon masu shayi. Babu hanyar zillewa. Abdulgani ya sa aka tura motar baya, ya cire farar riga ya rataye, ya yayyafa ruwa a ƙasa. Kafin la'asar gilasan sun fito sumul kamar daga kamfani. Rissa ya shafa da hannu, ya duba ta ciki, ya duba ta waje, ya tafi Agadas da ita. Ba a yi wata ba direbobin hanyar suka fara tsayawa a Tanut suna tambayarsa. Daga mota aka koma tagogi, don an ji yana yankan gilas ba ya ɓata ko ɓalli. Magina suka daina aikawa Damagaram.

Haka Abdulgani ya samu sana'a yana ɗan shekara arba'in da wani abu, kuma duk wanda ya san aikin ya ce tsakanin Damagaram da Agadas babu hannu kamar nasa. Yanzu shi ke kawo cefane, Rukaiya ba ta musun wannan. Ta sayi sabon madubi da guminta, ta sa aka kafe shi a bango da ƙusa, in za ta fita unguwa takan kulle ɗakin ta tafi da makulli. Amma shi har yau a bayan rumfa yake aikin, inda ba a hango shi daga titi. In ya gama sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya mayar da farar riga, ya zauna a gaba kusa da wayoyin caji. Wanda ya yaba masa, sai ya ce ai wannan ɗan rage lokaci ne kafin masu jari su waiwayo. Samari sun zo neman ya koya musu, ya ce ba shi da lokacin ɓatawa a kan ƙananan abubuwa. Rukaiya ta yafe masa ƙwan Asibi, ta kusa yafe masa armuwar. Amma a ce Allah ya ba mutum abu ɗaya da ya iya, ya riƙa ɓoye shi kamar ƙazuwa, wannan ta kasa samun inda za ta ajiye shi a ranta.

Bara da rani Alhaji Ɗanmalam ya biyo ta Tanut da sabuwar mota, aka nuna masa rumfar. Bai gane Abdulgani ba, bai ma fito daga inuwar mai shayi ba. Matar Rissa ce ta ba Rukaiya labari tana yi mata kitso. Ta ce Abdulgani ya sallami direbobin da suka riga zuwa, ya wuni a kan motar, ya goge ta har taya. Da Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ce haba ranka ya daɗe, ai tsakaninmu babu wannan. Motar ta tashi yana biye da ita da ɗan gudu, yana magana ta taga, har sai da gilas ɗin da ya liƙa wa leda ya rufe.

Da yamma ya shigo gida fuska a sake, ya zauna a tabarma, ya cire biro daga aljihu ya ajiye a gefe.

"Alhaji ya zo da kansa yau," in ji shi. "Ya ce zai neme ni."

Rukaiya ta ajiye masa kwanon tuwo da ruwan wanke hannu.

"Miyar kuka ce," ta ce. "In gishiri bai ji ba, ga shi nan a murfi."